Yadda ake gyara matsalolin fenti a bango lokacin gyaran gida

Duk wanda ya taɓa gyaran gida ya san wannan takaicin. An gama fenti ɗaki ya yi fes, kowa ya shigo yana sam barka, ba a rufa wata uku ba sai kaga ƙasan bango ya fara kumbura, can wani wuri kuma yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Abinda akasarin mutane ke yi shine su ce ai fentin ne mara kyau, su sayo wani su sake mulkawa a kai. Nima na taɓa yin haka a wani ɗaki har sau biyu, kuɗi na tafiya wuri ɗaya na ci gaba da lalacewa, ashe fayif ɗin banɗakin da ke bayan bangon ne yake yoyo a hankali ba wanda ya sani. Da aka gyara fayif ɗin aka bar bangon ya bushe, irin fentin nan da nake ta zargi shi aka sake shafawa kuma ya zauna daram.

Shi yasa kafin ka buɗe gwangwanin fenti ɗan'uwa, ka fara gano me ke damun bangon. Fenti fata ce siririya, duk abinda ke ƙarƙashinta sai ya fito, ruwa ne, ƙura ce, maiƙo ne, ko filastar da ba ta gama bushewa ba.

Fara da binciken bango

Ka samu tocila, ka rufe taga ɗakin ya ɗan yi duhu, sai ka kwantar da tocilar a jikin bango haskenta na bin bangon a kwance. Zaka sha mamakin abinda zai bayyana, ramuka, tudu, tsaga ƙanana, duk wanda ido baya gani da rana. Ka riƙa zagaye su da fensir. Kar ka yi da biro ko maka, tawadarsu tana huda sabon fenti ta fito.

Sai gwajin laima, wannan shine mafi muhimmanci a wajena. Ka yanko leda mai garai-garai kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a inda kake zargi, ka rufe gefuna huɗun da salatif ruf yadda iska ba za ta shiga ba, ka barta kwana ɗaya cur. Washegari in ka tarar da gumi a cikin ledar ta ɓangaren bango, ko wurin ya yi duhu fiye da sauran bangon, to ruwa daga cikin bangon yake fitowa. In kuma gumin a bayan ledar yake ta ɓangaren ɗaki, to matsalar iskar ɗakin ce, tururi ya yi yawa iska bata shiga, irin abinda ake gani a banɗaki da kicin. Maganin biyun ba ɗaya bane shi yasa sai ka rarrabe.

Bayan nan ka gwada ko tsohon fentin yana riƙe da bango. Ka sa reza ka tsaga layuka kamar biyar a tsaye biyar a kwance su ba da ƙananan gidaje, ka manna salatif mai ƙarfi a kai ka danna sosai sannan ka fizge. In salatif ya taso da fenti, wannan tsohon fentin ba abin dogaro bane, duk abinda ka ɗora masa tare za su sauko. Ka yi a wurare uku ko huɗu, ba wuri ɗaya ba.

Na ƙarshe ka san wane irin fenti ne a bangon, na ruwa ne wato imolshan, ko na mai wanda ake ce wa gulos. Ka jiƙa auduga da sipirit ka goga a wani lungu, in launin ya biyo audugar na ruwa ne, in bai biyo ba na mai ne. Amfanin sanin wannan zai zo a gaba.

Wata magana kafin ka fara kankara. In gidan tsoho ne sosai, musamman in akwai tsohon fentin mai a bango ko ƙofofi da tagogi, yana iya ƙunsar dalma. A Amurka sai 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje, wasu ƙasashen kuma sun daɗe bayan haka ana amfani da ita. Ƙurarta guba ce, ta fi yiwa ƙananan yara da masu juna biyu illa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro kuma ba a gane wa da wuri. Irin wannan fentin ba a goge shi da sanfefa a bushe, ba a ƙona shi da wuta. Ka fitar da yara daga wurin gaba ɗaya, ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka riƙa fesa ruwa kana kankarewa a jiƙe, ka sa takunkumi mai tace ƙura, in an gama a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Don Allah kar a yi wasa da wannan.

Fenti mai ɓarewa

Wannan shi ya fi yawa. Dalilinsa baya wuce laima, ko an shafa kan ƙura da datti, ko an ɗora fentin ruwa kan na mai ba tare da shiri ba, ko an yi fenti kan sabuwar filasta tun tana ɗanya. In gwajin leda ya nuna ruwa, ka tsaya ka nemo inda yake shigowa tukuna, rufin kwano ne, fayif ne, gefen taga ne, ko tsaga a bangon waje. Sai an toshe an kuma bar bangon ya bushe sannan a ci gaba, kuma bango mai kauri da ya sha ruwa yana iya cin makonni kafin ya bushe har ciki, bushewar saman kawai kar ta ruɗe ka, ka maimaita gwajin ledar.

To sai kankara. Ka sa abin kankara mai faɗi ka bi duk inda fenti ya saki, ka ci gaba da turawa har sai ka kai inda ya ƙi tashi. Anan ne mutane ke yin ha'inci ga kansu, su cire wanda ya riga ya rataya su bar na gefensa alhali shima da ka sa wuƙa a ƙarƙashi zai taso. Bayan kankara zaka ga an samu gaɓa tsakanin inda aka cire da inda ya rage, to ka sa sanfefa mai lamba 80 ko 100 ka cinye bakin gaɓar har ya kwanta, in ka shafa tafin hannu kar ka ji tudu. Hannu ya fi ido gane wannan.

Ka kakkaɓe ƙurar da burushi, ka bi da jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe. Sannan ka shafa firaima, wato shafin share fage da ke sa fenti ya kama bango, a wurin da ya zama tsirara, in ta bushe ka cike da fila, wato kwaɓin da ake cike ramukan bango da shi. Fila siriri-siriri ake sawa, sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, in ka labta da kauri lokaci ɗaya zai ja jiki ya tsage ko ya lotsa a tsakiya. In ya bushe ka goge da sanfefa mai laushi, 180 zuwa 220, ka sake share ƙura, ka sake shafa firaima a kan filar. Wannan firaimar ta biyu da yawa suna tsallake ta, sakamakon kuwa shine bayan an gama fenti in haske ya bugi bangon sai kaga duk inda aka yi faci ya fito dabbare-dabbare, saboda fila ta fi sauran bangon shan fenti.

In kuwa gwajin sipirit ya nuna fentin mai ne a ƙasa kuma kana son ɗora na ruwa, ka wanke bangon da ruwan sabulu ka ɗauraye, ka bi shi da sanfefa 150 ko makamancinta har sheƙin ya mutu, sannan ka shafa firaimar da aka rubuta a jikinta cewa tana kama fenti mai sheƙi. In ba haka ba fentin ruwan zai bushe ya yi kyau a ido, amma farce kawai zaka sa ya saluɓe.

Ita kuma sabuwar filastar siminti haƙuri take so. Ana bata kamar kwana 28 kafin fenti, in lokacin sanyi ne ko iska na da laima ma ta fi haka. Siminti sabo yana da kaifin sinadari da ke cin fenti ya ƙona launi, shi yasa ake fara sa firaima mai jure siminti. Na san ana matsuwa a tare a gida, amma fentin da aka yi a sati ɗaya da filasta kusan kullum sai an sake shi.

Kumburi

In kaga ƙuraje sun taso a jikin fenti, ka fasa ɗaya ka leƙa. In ya tashi har ka ga filasta tsirara, ko ka samu ruwa a ciki, laima ce daga bango, ka koma maganar neman inda ruwa ke shigowa. In kuma shafin sama ne kawai ya tashi na ƙasan yana nan lafiya, to galibi an yi fentin ne rana na dukan bangon, saman ya bushe da sauri ya rufe na ciki, ko an ɗora shafi na biyu na farko bai bushe ba. Wannan mai sauƙi ne, kankare, goge, firaima, fenti. Bangon waje ka riƙa bin inuwa, in rana ta bar wannan gefen ya huce sai ka shafa shi.

Farin gishiri a ƙasan bango

Wani farin gari mai kama da kanwa da ke tsirowa a bango yana ture fenti, ruwa ne yake narkar da gishirin cikin siminti da bulo da yashi ya kawo shi waje, in ruwan ya bushe sai ya bar gishirin. Kuskuren da ake yi shine a wanke shi da ruwa mai yawa, sai gishirin ya narke ya koma ciki, bayan kwanaki ya sake fitowa. A bushe ake cire shi da burushi mai tauri, a share, a jira sati ɗaya ko biyu a gani, in ya dawo a sake gogewa har ya daina.

Amma in abin ya yi layi a ƙasan bango ko'ina, tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya ba, to ruwan ƙasa ne ke hawowa, ko dai ba a sa abin tare ruwa a tushen ginin ba wanda magina ke ce wa difisi, ko ya lalace, ko kuma an tara ƙasa a jikin bangon waje har ta haye samansa. Ka zagaya waje ka duba, ruwan rufi a gindin bango yake zuba? Ƙasar wajen gangarowa take zuwa ginin? Sau da yawa gyara waɗannan kaɗai yana rage matsalar sosai. In filastar ta riga ta ruɓe tana marmashewa, ko in ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar holoƙo, sai an sare ta har a wuce inda laimar ta tsaya da kamar santimita 30, a sake sabuwa da sinadarin hana ruwa a cikin kwaɓin. Wannan aikin magini ne. Kuma kar ka yarda a ce maka a rufe wurin da fentin mai ko tayil shikenan, ruwan ba zai ɓace ba, hawa zai ƙara yi ya fito ta saman abinda aka rufe, an yi gyaran gangar auzinawa kenan.

Fumfuna

Baƙaƙen ɗigo a kusurwa, bayan kabad, saman banɗaki. In kana shakka ko datti ne, ɗiga bilic kaɗan a kai, in ya yi fari cikin minti biyu fumfuna ce. Ba a fenti a kanta, rayayyen abu ne, za ta ci gaba da girma ta hudo sabon fentin. Ka haɗa bilic kashi ɗaya ruwa kashi uku, ka buɗe tagogi, ka sa safar hannu ta roba da tabarau, ka shafa ka bar shi kamar minti 15, ka goge da burushi ka ɗauraye ka bari ya bushe ƙayau. Kar ka kuskura ka gauraya bilic da wani maganin wanke-wanke, musamman mai amoniya ko mai asid irin na wanke masai, iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum. Bayan nan ka sa fenti mai maganin fumfuna, ka kuma gyara shigar iska, ka ɗan janye kabad daga jikin bango ko da santimita 5 ne, banɗaki a sa masa taga ko fankar fitar da tururi.

Tsaga

Siririyar tsaga kamar gashi yawanci a filasta take kawai. Abin mamaki sai ka ƙara buɗa ta kafin ka cike, ka sa bakin wuƙa ka yi mata ɗan kwari yadda fila zai samu wurin zama, ka busa ƙurar, ka ɗan jiƙa, ka danna fila ciki sosai. In tsagar ta taɓa dawowa bayan an cike, ko a mahaɗar abu biyu take kamar inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare, ka ɗora siririyar ragar da ake facin bango da ita a kai sannan ka bi da fila sau biyu kana faɗaɗawa gefe da gefe. Tsakanin firam ɗin ƙofa ko taga da bango kuwa fila mai tauri baya zama, ka nemi mai taushi irin na cikin dogon mazubi da ake matsowa da wani ƙarfe mai kama da bindiga, wanda aka rubuta ana iya fenti a kansa, don silikon zalla fenti baya kama shi.

Akwai tsagar da ba ta mai fenti bace. Wadda ta kai faɗin milimita 5 ko fiye, wadda ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, wadda ke bin layin bulo kamar matakala, ko ka ganta ciki ka ganta waje a wuri ɗaya, ko ƙofa ta fara cijewa. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, in bayan wata ɗaya ta wuce layin gini ne ke motsi, ka kira injiniya. Haka in kaga tsatsa na tsiyayowa daga dakin, wato rufin kankare, ko ginshiƙi, kankaren na fashewa, rodin ciki ne ke ci.

Bango mai gari da mai tabo

In ka shafa hannu ya fito da garin launi, tsohon fentin ya mutu, rana ta cinye abinda ke riƙe shi ko tun farko an tsinka shi da ruwa fiye da kima. Ka goge da burushi ka wanke, ya bushe, in har yanzu yana ba da gari ka shafa firaima mai ɗaure gari kafin komai. Tabon ruwa mai ruwan ƙasa-ƙasa, hayaƙi, maiƙon kicin da tawada kuwa ko shafi biyar ka yi na imolshan sai sun fito, don ruwan fentin ne ke narkar da su ya jawo su sama. Ka wanke maiƙo da ruwan ɗumi da sabulu, sannan ka rufe tabon da firaima ta mai ko wadda aka yi musamman don toshe tabo. Kan ƙusa mai tsatsa a goge shi a ɗiga masa firaimar ƙarfe.

Ranar shafawa

Yanzu bango ya shirya, saura kar a ɓata shi da hannu. In gwangwani ya fi ɗaya ka juye su duka a babban bokiti ka gauraya, don ko sunan launi ɗaya ne ana samun ɗan bambanci tsakanin wannan da wancan, kuma a tsakiyar bango yake tona asiri. Ruwan da zaka ƙara ka tsaya a abinda aka rubuta a jikin gwangwani. Masu aiki da yawa suna tsinka fenti don ya isa, ni kuma na gwammace a ce min bai isa ba in ƙaro. Lita ɗaya ta imolshan a bango mai santsi tana rufe wajen murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, mai kaushi ya fi sha, da wannan zaka iya lissafinka.

Ka fara da silin sannan bango, daga sama zuwa ƙasa. Ka zagaye gefuna da burushi bango ɗaya kawai, ka bi da rola nan take tun bai bushe ba, in ka zagaye ɗakin duka sannan ka dawo da rola zaka ga gefunan sun fita daban kamar firam ɗin hoto. Rola kar ta yi nauyi da fenti har tana ɗiga, kar kuma ka matse ta a bango don ka tatse na ƙarshe, matsewar ce ke barin layi biyu a gefenta. Ka riƙa shiga cikin wanda ka shafa yanzu tun yana ɗanye, kuma in ka fara bango kar ka tsaya sai ka kai kusurwa, waya ma ta jira.

In fenti ya tsiyayo ka gani tun yana ɗanye ka baje shi da burushi. In ya fara kamewa ka ƙyale shi, taɓawa ƙara ɓatawa take, gobe ka goge da sanfefa 220 ka sake bi. Fentin mai da ya yamutse kamar fatar tsoho an labta shi da kauri ne, sai ya bushe sosai a kankare a sake da siriri. Tsakanin shafi da shafi imolshan na son kamar awa 2 zuwa 4, na mai kuma sai ya kwana, awa 16 zuwa 24, in gari da sanyi ko laima ka ƙara. Shafin farko in ya fito dabbare-dabbare kar hankalinka ya tashi, na biyu ne ke daidaita shi, launi mai haske kan mai duhu ma yakan nemi na uku.

Salatif ɗin da ka manna a gefuna ka cire shi tun fentin bai gama tauri ba, kana ja a hankali a karkace, in ya riga ya bushe ka bi bakinsa da reza tukuna don kar ya yago maka sabon aiki. Ragowar fentin ka zuba a ƙaramin mazubi mai murfi ka rufe gam, ka rubuta sunan launi da lambarsa da ɗakin da aka shafa, ka ajiye inda rana bata bugu. Sabon bangon kuma kar a wanke shi ko a jingina masa kaya masu nauyi sai ya yi kamar sati uku zuwa huɗu, don ya bushe a hannu tun ranar farko amma bai gama tauri ba sai lokacin.